Yadda Za Ka Auna Kitsen Jikinka da Tef, Sikeli da Littafin Rubutu

Ana saura makonni uku babbar Sallah na kai yadi wurin telan da ya daɗe yana yi mini ɗinki, kuma kamar yadda ya saba sai ya jawo tsohon littafinsa ya nemo shafin da awona yake. Ya zagaya tef a cikina ya duba lamba, ya sake zagayawa, sannan ya ce, "Malam, awon da ke littafi ba zai yi ba kuma, sai mun ƙara inci uku a ƙugu." Maganar ta tsaya mini a rai, domin sikelin da nake hawa jefi-jefi bai nuna mini ƙarin da ya wuce kilo biyu ba a cikin shekara biyun da suka gabata, kuma babu wanda ya taɓa ce mini na yi ƙiba. Kaftani yana rufe abubuwa da yawa, zariyar wando kuwa kullum tana bin cikin mai ita, ba ta matse shi balle ta gargaɗe shi. Daga ranar na shiga neman sanin yadda ake auna kitsen jiki, kuma abin da na koya shi ne nake so in shimfiɗa a nan domin duk wanda ya fara motsa jiki ko yake shirin farawa.

Sikeli ba kitse yake aunawa ba. Yana tattara ƙashi da tsoka da jini da ruwa da kayan ciki, har da tuwon daren jiya da bai gama wucewa ba, ya ba ka jimilla guda ɗaya. Nauyin baligi mai lafiya yana iya hawa ko sauka da kilo ɗaya zuwa biyu a cikin yini guda ba tare da kitsensa ya motsa ba. Gishiri yana sa jiki ya riƙe ruwa, haka kuma sukarin da jiki yake ajiyewa a hanta da tsoka, wanda kowane giram ɗaya nasa yake tafiya da kusan giram uku na ruwa. Shi ya sa wanda ya rage tuwo da shinkafa yake ganin kilo biyu sun tafi a makon farko ya yi ta murna, sannan a mako na uku sikeli ya tsaya cak, gwiwarsa ta yi sanyi ya watsar da komai, alhali abin da ya fita da farko yawancinsa ruwa ne, ainihin aikin kuma a lokacin ya fara. Akwai kuma bambancin nauyi tsakanin tsoka da kitse: lita ɗaya ta kitse tana da nauyin kusan giram 900, ta tsoka kuwa kusan giram 1,060. Mutum biyu suna iya zama tsawo ɗaya da nauyi ɗaya, amma wandon ɗaya ba zai shiga ɗayan ba.

Shi kansa kitsen ba wuri ɗaya yake zama ba, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga wannan da idonsa. Akwai wanda yake kwance a ƙarƙashin fata, akwai kuma farin kitsen nan mai kama da raga da yake lulluɓe tumbi da hanji, da wanda yake manne da ƙoda. A jikin ɗan Adam ma haka abin yake. Na ƙarƙashin fata shi ne wanda kake iya kamawa da yatsu a cinya ko dantse ko teɓa, na cikin ciki kuwa hannu ba ya kai gare shi, kuma shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga na manya, da hawan jini, da kitsen hanta, da ciwon zuciya. A wurinmu an daɗe ana kallon tumbi a matsayin alamar an samu wuri an zauna, kuma ina ganin wannan kallon ya jawo wa mutane da dama jinkirin zuwa asibiti. Saboda haka tambayar da ya kamata mai awo ya riƙe guda biyu ce: kitse nawa ne a jikina, kuma a ina ya taru?

Lissafin BMI da iyakarsa

Awon da aka fi sani shi ne BMI, kuma yana da sauƙi. Za ka ɗauki nauyinka a kilo ka raba shi da tsawonka a mita bayan ka ninka tsawon da kansa. Lokacin da na fara, nauyina kilo 84 ne, tsawona mita 1.73. Idan aka ninka 1.73 da 1.73 za a samu 2.99, idan kuma aka raba 84 da 2.99 za a samu kusan 28. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ƙasa da 18.5 a matsayin rama, daga 18.5 zuwa 24.9 matsakaici, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce da likita zai sa wa ido.

Wanda ya ƙirƙiro wannan lissafi wani masanin lissafi da taurari ne ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet, a shekarun 1830, kuma abin da yake nema shi ne siffar matsakaicin mutum a cikin jama'a mai yawa, ba lafiyar wani mutum guda ba. Sunan da ake kiran lissafin da shi yanzu wani masanin Amurka mai suna Ancel Keys ne ya raɗa masa a 1972. Tun da nauyi da tsawo kawai yake dubawa, ɗan kokawa ko mai dako a kasuwar hatsi yana iya samun 27 ba tare da wani kitsen kirki a jikinsa ba, ma'aikacin ofis mai siraran hannuwa da ƙafafu kuma ya samu 23 alhali ga tumbi a gaba. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawara cewa ga mutanen da asalinsu baƙaƙen Afirka ne ko Asiya ko Gabas ta Tsakiya a sauko da iyakar, a fara ƙirga nauyin da ya wuce kima daga 23, ƙiba kuma daga 27.5, saboda haɗarin ciwon suga yana bayyana gare su tun lambar ba ta yi nisa ba. Ka yi lissafin BMI sau ɗaya ka rubuta shi, amma kada ka tsaya a nan.

Tef a ƙugu

A ganina, babu kayan awon da ya kai tef ɗin tela amfani ga mutumin da yake gida, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai a tabbata tef ɗin ba mai miƙewa ba ne, domin tsohon tef da aka daɗe ana ja yakan ƙara tsawo ya rage maka lamba. Akwai kuma wani tarko: wasu tef masu araha da ake kawowa daga Sin suna ɗauke da awon gargajiyar can a gefe ɗaya, wanda yake kama da inci amma ya fi shi tsawo. Gwajin ba wuya, ka duba lamba 10 a gefen inci, ka juya tef ɗin ka ga ko ta yi daidai da santimita 25.4. Idan ta kai wajen 33, wannan gefen ba inci ba ne, sai ka yi aiki da gefen santimita kaɗai.

Lokacin awo shi ne da safe, bayan ka kewaya, kafin ka ci ko ka sha wani abu. Ka cire riga domin tef ya kwanta a kan fata, ka tsaya a miƙe, ƙafafunka kusa da juna, nauyinka a kan duka biyun. Ka sa yatsa a gefen jikinka ka lalubo ƙarshen haƙarƙari na ƙasa, sannan ka gangaro ka lalubo saman ƙashin kwatangwalo, wanda hannu yake sauka a kansa idan mutum ya riƙe ƙugu. Tsakiyar waɗannan wurare biyu ita ce inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zagaya tef, kuma ga yawancin mutane wurin yana ɗan sama da cibiya. Kuskuren da maza suka fi yi shi ne su auna inda wando yake zama, can ƙarƙashin tumbi, su samu inci 34 su kwantar da hankalinsu, alhali da sun ɗaga tef ɗin sama kaɗan da sun ga 39.

Tef ya zagaya a miƙe, kada ya yi sama ta baya ya yi ƙasa ta gaba. A nan madubi yake da amfani, ko kuma miji ya riƙe wa matarsa, mata ta riƙe wa mijinta, domin mai kallo daga gefe ya fi ganin karkacewa. Ka saki jikinka, ka yi numfashi biyu ko uku yadda ka saba, sannan ka karanta lambar a daidai lokacin da ka gama fitar da numfashi ba tare da ka tilasta ba. Kowa yana da halin janye ciki da zarar tef ya taɓa shi, sau da yawa ma bai san ya yi ba, don haka sai ka lura da kanka. Tef ya taɓa fata ko'ina amma kada ya nutse a cikinta. Ka auna sau biyu. Idan bambancin bai wuce santimita ɗaya ba, ka ɗauki tsakiyarsu, idan kuwa ya wuce, ka sake daga farko.

Ga namiji, haɗari yana fara ƙaruwa daga santimita 94, wato inci 37, kuma ya yi yawa daga santimita 102, wato inci 40. Ga mace lambobin su ne santimita 80 da 88, wato kusan inci 31 da rabi da kuma inci 34 da rabi. Waɗannan iyakoki daga binciken da aka yi a kan Turawa aka samo su, kuma ba su la'akari da tsawo, alhali ƙugu mai santimita 92 a jikin dogon mutum ba ɗaya yake da irinsa a jikin gajere ba. Domin haka na fi son awon da yake haɗa ƙugu da tsawo, wanda ƙa'idarsa take da sauƙin riƙewa: ƙugunka kada ya kai rabin tsawonka. Za ka raba ƙugu da tsawo, duka a ma'auni ɗaya. Nawa ƙugun santimita 96 ne a farko, tsawo 173, sai na samu 0.55. A jagorar da NICE ta fitar a 2022, daga 0.4 zuwa 0.49 lafiya lau ne, daga 0.5 zuwa 0.59 kitsen ciki ya ƙaru, daga 0.6 zuwa sama kuma ya yi yawa ƙwarai.

Wanda ba shi da tef ma yana iya wannan gwajin da igiya. Ya taka bakin igiyar da diddige, ya ja ta har tsakar kansa, ya yanke a nan, ya ninka ta biyu, sannan ya zagaya ta a ƙugu. Idan bakunan biyu sun haɗu har da rara, yana ƙasa da rabi. Idan sun ƙi haɗuwa, gibin da ya rage tsakaninsu shi ne aikin da yake gabansa, kuma yana iya ajiye igiyar ya riƙa ganin gibin yana raguwa wata bayan wata. Dattijon da ba ya son lissafi ya fi karɓar wannan a kan kowace lamba da za a faɗa masa.

Akwai kuma awon da ake raba ƙugu da faɗin kwatangwalo, inda ake zagaya tef a wurin da mazaunai suka fi fitowa. Iyakarsa 0.90 ga maza, 0.85 ga mata. Rauninsa shi ne idan mutum ya rage ƙugu da kwatangwalo tare, lambar tana iya tsayawa wuri ɗaya duk da an samu ci gaba.

Fitar da kaso cikin ɗari

Wanda yake son ya san kashi nawa cikin ɗari na jikinsa kitse ne yana iya ƙiyasta shi da wannan tef ɗin, ta hanyar lissafin da sojojin ruwan Amurka suka daɗe suna amfani da shi, wanda aka gina a kan binciken da masana biyu, Hodgdon da Beckett, suka yi a 1984. Namiji yana bukatar awo uku, tsawo da wuya da ciki, mace kuma huɗu, tsawo da wuya da ƙugu da kwatangwalo, duka a inci. Wuya ana auna shi a ƙasa da maƙogwaro kaɗan, kai a miƙe, kafaɗu a sake. A wannan lissafin cikin namiji daidai kan cibiya ake auna shi, ƙugun mace kuma a wurin da ya fi siranta, saboda haka kada a haɗa shi da awon da na bayyana a sama.

Ana bukatar kalkuleta mai maɓallin log, kuma yawancin wayoyi suna fito da shi idan aka buɗe kalkuleta aka kwantar da wayar. Namiji zai cire wuya daga ciki, ya ɗauki log na abin da ya rage ya ninka da 86.010. Sannan ya ɗauki log na tsawonsa ya ninka da 70.041, ya cire wannan daga na farko, ya ƙara 36.76. Ga yadda nawa ya fita: ciki inci 38, wuya 15, saura 23. Log na 23 shi ne 1.3617, da aka ninka ya ba da 117.12. Tsawona inci 68 ne, log nasa 1.8325, da aka ninka ya ba da 128.35. Idan aka cire 128.35 daga 117.12 aka ƙara 36.76, za a samu kusan kashi 25.5 cikin 100.

Mace za ta haɗa ƙugu da kwatangwalo ta cire wuya, ta ɗauki log ta ninka da 163.205, ta cire log na tsawonta da aka ninka da 97.684, sannan ta sake cire 78.387. Misali, mai tsawon inci 64 da wuya 13 da ƙugu 32 da kwatangwalo 40 za ta samu kusan kashi 34. Akwai shafukan intanet da suke yin lissafin nan take, amma yana da kyau mutum ya yi shi da hannunsa ko sau ɗaya ne, domin zai ga cewa tsawo ba ya canzawa, wuya ma da ƙyar yake motsi, don haka ciki ne yake jan lambar sama ko ƙasa. Wannan ƙiyasi ne, yana iya kaucewa gaskiya da maki uku ko huɗu, musamman ga mai kaurin wuya ƙwarai ko mai faɗin kwatangwalo na halitta.

Amfanin kason yana fitowa ne idan aka mayar da shi kilo. Kashi 25.5 na kilo 84 ya kama kilo 21.4 na kitse, sauran 62.6 kuma tsoka ce da ƙashi da ruwa da kayan ciki. Bayan wata biyar ina tafiyar sauri bayan sallar asuba, ina ɗaga ƙarfe sau uku a mako, na kuma daina lemon kwalba da cin dare mai nauyi, sikeli ya nuna 81. Da shi kaɗai nake kallo da na ce wahalar wata biyar ba ta haifar da komai ba sai kilo uku. Amma cikina ya sauko zuwa inci 35 da rabi, lissafin ya ba da kusan kashi 21.2, wato kitse kilo 17.2, sauran jiki 63.8. Ko da an bar wa lissafin kuskurensa, alkiblar a fili take: abin da ya tafi kitse ne, tsoka ba ta bi shi ba.

Game da ma'anar lambar, rabon da ƙungiyar masu horar da motsa jiki ta Amurka, ACE, ta yaɗa shi ne aka fi ambata. Ga maza, 'yan wasa suna tsakanin kashi 6 zuwa 13, masu motsa jiki a kai a kai 14 zuwa 17, matsakaitan mutane 18 zuwa 24, daga 25 kuma an shiga ƙiba. Ga mata lambobin sun fi haka, 14 zuwa 20, sai 21 zuwa 24, sai 25 zuwa 31, ƙiba kuma daga 32. Jikin mace yana da kitsen da ba ya rayuwa sai da shi, kimanin kashi 10 zuwa 13, na namiji kuwa 2 zuwa 5. Macen da ta matsa wa kanta har kitsenta ya yi ƙasa sosai tana iya ganin al'adarta ta rikice ko ta ɗauke, ƙashinta kuma ya yi rauni, don haka kada ta auna kanta da lambar mijinta ko ta ɗan'uwanta.

Na'urori

Sikelin zamani mai faranti na ƙarfe a wurin taka ƙafa, irin na Omron da Tanita, ko babban InBody da ake gani a wasu wuraren motsa jiki, yana tura wata 'yar wutar lantarki da ba a jin ta cikin jiki. Tsoka cike take da ruwa, wutar tana bi ta cikinta da sauƙi, kitse kuwa yana tare ta, sai na'urar ta haɗa wannan da shekaru da tsawo da jinsi ta ƙiyasta kaso. Ke nan ruwan jiki take karantawa, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu wannan babban rauni ne. Wanda ya wuni yana zufa a watan Afrilu, ko mai azumi da la'asar, yakan ga kitsensa ya "ƙaru" a na'urar ba don komai ba sai don ruwan jikinsa ya ragu. Kaushi da bushewar tafin ƙafa a lokacin hunturu su ma suna hana wutar shiga yadda ya kamata. Sikelin da ake takawa ya fi karanta ƙafafu, wanda ake riƙewa da hannu ya fi karanta hannuwa da ƙirji. Idan kana da irinsa a gida, ka hau shi a lokaci ɗaya kullum, da safe kafin motsa jiki, kuma kada ka kwatanta lambarsa da ta wata na'urar. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya hau shi sam, mai juna biyu ma ta bar shi.

Akwai kuma ɗan awartakin da ake kama fata da shi a auna kaurin kitsen da ke ƙarƙashinta a milimita. A tsarin da masana biyu, Jackson da Pollock, suka fitar ana kama wuri uku a gefen dama na jiki, ƙirji da ciki da cinya ga namiji, bayan dantse da saman kwatangwalo da cinya ga mace. A hannun gwani yana da kyau, a hannun ɗan koyo kuwa lambar tana canzawa da kowane kamu, kuma ba ya ganin kitsen cikin ciki ko kaɗan. Idan mai horarwa ne zai yi maka, ya zama mutum ɗaya ne yake yi kowane lokaci. Na'urar DEXA, wadda take amfani da ɗan ƙaramin hasken hoton ƙashi ta rarrabe kitse da tsoka da ƙashi a kowane sashe na jiki, ta fi waɗannan duka daidaito, amma sai a manyan asibitoci da cibiyoyin gwaji, ga tsada, kuma mai motsa jiki don lafiyarsa ba ya bukatarta.

Littafi

Awo ɗaya ba ya faɗar komai sai an jera shi da na baya. Ka sami ƙaramin littafi ka ja layi: kwanan wata, nauyi, ƙugu, ciki a kan cibiya, wuya, da kwatangwalo ga mata. Tef sau ɗaya a mako ya isa, a rana ɗaya da lokaci ɗaya. Sikeli kuwa, idan za ka iya, ka hau sau uku a mako a kan daɓe mai tauri, ba a kan darduma ba, ka ɗauki matsakaicinsu. Sikelin da yara suke yawo da shi a kasuwa da tasha ba zai yi wannan aikin ba, domin kowanne da nasa saiti, kuma da kaya da takalmi ake hawansa. Lissafin kaso sau ɗaya a wata ya wadatar. Kada ka yanke hukunci a kan abin da bai kai mako huɗu ba.

Idan nauyi ya tsaya amma ƙugu yana raguwa, ka ci gaba da abin da kake yi. Idan nauyi yana zubewa da sauri, ƙugu bai motsa sosai ba, ƙarfinka kuma yana raguwa, akwai alamar tsoka kake ƙonawa, sai ka ƙara wake da ƙwai da kifi da nono da awara, ka kuma haɗa da atisayen da yake sa tsoka aiki. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, shi ya sa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da likitoci suke yarda da shi. Ɗamarar da ake ɗaurawa a ciki don a yi zufa, da shayin da ake tallatawa na rage tumbi, suna iya sauko da tef na yini ɗaya ta hanyar fitar da ruwa ko gudawa, amma littafi zai tona su a mako na gaba. Atisayen ciki shi kaɗai ma ba ya narkar da kitsen wurin, jiki ne yake zaɓar inda zai fara ɗiba.

A watan Ramadan lambobi sukan rikice saboda sauyin lokacin ci da sha. Abin da ya fi shi ne ka ɗauki awo mai kyau a ƙarshen Sha'aban, ka sake ɗauka mako biyu bayan Sallah, ka kwatanta waɗannan biyun. Mace kuma ta sani cewa kwanakin da suke gab da al'ada ciki yakan kumbura, nauyi ya ƙaru da ruwa, don haka ta kwatanta awon bayan tsarki na wannan wata da na bayan tsarkin watan jiya. Mai juna biyu da mai jego waɗannan awo ba nasu ba ne, na asibitin awon ciki shi ne nasu.

Ba kowane girman ciki ne kitse ba, kuma wannan ne wurin da tef yake iya yaudarar mai shi. Cikin da ya girma cikin 'yan makonni ya yi tauri, hannuwa suna ramewa, ko ƙafa ta kumbura har idan an danna yatsa ya bar rami, yana iya zama ruwa ne daga ciwon hanta ko zuciya ko ƙoda, ga mata kuma ƙarin da yake fitowa a mahaifa yana iya tura ciki gaba. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake saya ba da izinin likita ba, musamman dexamethasone, suna tara kitse a fuska da ciki, suna cinye tsoka, suna kuma tayar da suga da hawan jini, kuma wanda ya daɗe yana shan su bai kamata ya yanke su rana ɗaya ba sai da jagorar likita. Haka nan ramar da ta zo ba tare da ka neme ta ba, tare da ƙishirwa da yawan fitsari, ko tari mai tsawo da zufar dare, ba nasarar motsa jiki ba ce. Wanda kuma ƙugunsa ya kai rabin tsawonsa ko ya wuce, musamman idan akwai mai ciwon suga ko hawan jini a gidansu, ya je a auna masa jini da sukarin safe kafin karin kumallo. Hawan jini ana ƙirga shi daga 140 bisa 90, ciwon suga kuma daga 126 a ma'aunin miligiram ko 7.0 a ma'aunin milimol, idan gwaji na biyu ya tabbatar. Ya tafi da littafinsa ya buɗe wa likita shafin farko da na ƙarshe, tare da sunan duk wani magani ko haɗin gargajiya da yake sha.